Fitilun motata sun yi hazo, makilin zai gyara su?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da Corolla 'yar Kwatano, fitilun gaba sun dushe sun koma ruwan ɗorawa, da daddare da kyar nake ganin hanya, na canja ƙwan fitila amma ba abin da ya sauya. Wani ya ce in goga makilin, wani kuma ya ce man birki. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Man birkin nan dai ka manta da shi, haka fetur da tina (ruwan tsinka fenti), za ka ga fitila ta yi ƙyalli nan take amma cin robar suke yi, daga baya ta tsattsage. Ai abin da muke ce wa gilashin fitila a motocin yanzu ba gilashi ba ne irin na su Fijo 504, roba ce mai ƙarfi da kamfani ya shafa mata wani kiliya, wato fenti marar kala, a sama don kare ta daga rana, to ranar nan tamu da ƙurar hunturu su ne ke cinye kiliyan, sai robar ta ƙone ta yi wannan kalar.

Makilin yana ɗan yi idan dushewar ba ta yi nisa ba, amma ba ya daɗewa, hazon zai dawo.

Gyaran gaske da samfefa ake yi, ta ruwa. Ka wanke fitilar da omo, ka zagaye gefenta da salatef don kar ka kankare fentin mota. Ka fara da samfefa mai lamba 800 (gwargwadon girman lamba gwargwadon laushin samfefar), kana gogawa kana zuba ruwa, hannu ya riƙa tafiya gefe zuwa gefe, za ka ga ruwan na sauka rawaya-rawaya, ka ci gaba har ya koma fari. Fitilar za ta yi fari fat kamar ka ɓata ta, kar hankalinka ya tashi, haka take yi. Sai ka koma 1500 ka goga sama zuwa ƙasa, sannan 2000, in ka samu 3000 ma ya fi. Ka busar, ka goge da folish na mota da tsumma mai laushi har ta yi garau.

Inda mutane ke yin asara shi ne su tsaya nan. Ka riga ka kankare sauran kariyar, in ba ka sa sabon kiliya mai tare rana ba cikin 'yan watanni za ta koma gidan jiya. Ka saya a wajen masu sayar da fentin mota, ko ka kai wa mai fenti ya fesa maka, a inuwa, ranar da ba ƙura.

Amma fa ka fara leƙawa, in raɓa ce ta taru daga ciki to samfefa ba ta da aiki a nan, gam ɗin bakin fitilar ne ya saki ko murfin baya ya faɗi, sai an cire an busar an sake liƙewa.