Girman swap don ajiye bayanan faɗuwar tsari a FreeBSD

Ɗan'uwa na Garwa, ka ce injinka na da RAM na GB 16, kana tambaya ko GB 2 ɗin da FreeBSD, tsarin da ke tafiyar da injin, ke yanka wa swap (filin faifai da ake aro in RAM ta cika) lokacin ɗora tsari zai isa ya ɗauki bayanan faɗuwa. In cikakken hoton ƙwaƙwalwa kake so, ba zai isa ba, ba shi GB 17. Dalili kuwa, idan kernel, wato zuciyar tsarin, ya faɗi, a cikin swap yake zuba abin da ke RAM, sai injin ya sake tashi wani shiri mai suna savecore ya kwashe shi zuwa folda /var/crash. To ka ga can ma sai ka bar fili. Ƙaramin hoto, wato minidump, wanda shi tsarin ke yi in ba ka canza komai ba, ɓangaren RAM da kernel ke amfani da shi kaɗai yake ɗauka, don haka bai kai wannan girman ba.

Sharaɗi ɗaya: swap ɗin ya zama yanki na kansa a faifai, kada ka yi shi fayil, sannan ka sa dumpdev="AUTO" a fayil ɗin saitin tsari /etc/rc.conf, don tsarin ya zaɓi swap ɗin ya zuba bayanan a ciki. Ni a nan Marwa fayil na yi da farko don tsimin faifai, injin ya faɗi har sau uku, na buɗe /var/crash ban tarar da komai ba, kuma wallahi abin ya ci mini rai. Ka kuma lura, ɗaukewar wuta ba ta barin wani bayani, don kernel bai samu damar rubuta komai ba. In yawan mutuwar injinka daga lantarki ne, batir za ka fara nema masa.