Lamba 26: fayil ya buɗu, amma SQLite ta ce ba nata ba ne

Tambayarka ita ce: manhajar da kake haɗa wa mai kantin magani a Ƙofar Ƙaura tana buɗe fayil ɗin SQLite (tsarin da ke adana rumbun bayanai cikin fayil guda) lafiya lau, amma da ka nemi jerin kaya sai ta tsaya da kuskure mai lamba 26, SQLITE_NOTADB. Ka ce ko fayil ɗin ya lalace ne.

Ƙanena, buɗewar ce ta yaudare ka. Ita sqlite3_open, kiran da ke buɗe fayil, ba ta tantance abin da ke cikinsa; sai ka aika umarni na farko SQLite ke tantancewa. Saboda haka kana buɗewa ka aika PRAGMA schema_version, ɗan umarnin da ke tilasta karanta fayil ɗin, ka tare kuskuren tun a bakin ƙofa. Fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba kuma, buɗe shi da sqlite3_open_v2 da SQLITE_OPEN_READONLY, kada ka rubuta komai a kai.

Daga nan karanta bayit 16 na farko da kanka. Na gaskiya yana farawa da "SQLite format 3" sai bayit sifili. Kada ka dogara da .db da ke ƙarshen suna, wannan kowa na iya liƙa shi. In ka ga PK, fayil ɗin zip ne, ko na Excel da aka sauya wa suna. In 1F 8B ne, an matse shi ne da gzip, warware shi tukuna. In ka ga BEGIN TRANSACTION da CREATE TABLE a rubuce ɓaro-ɓaro, kwafin umarni ne, sai ka zuba shi cikin sabon rumbu. Tarkace marar kan gado kuwa, mai yiwuwa SQLCipher, mai kulle fayilolin SQLite da makulli, ne ya kulle shi, kuma makullin da ba daidai ba ma lamba 26 ɗin yake kawowa. Lalacewar farkon fayil ma na kawo 26, amma lalacewar can ciki tana da lambarta daban, 11.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ba ya ƙorafi. Fayil ɗin da babu ko bayit ɗaya a cikinsa SQLite tana karɓarsa a matsayin sabon rumbu, kuma in ka kuskure harafi ɗaya a sunan, sqlite3_open za ta ƙirƙiro sabo shiru. Mai kanti ya buɗe da safe ya ga babu ko ƙwayar Panadol a lissafi, hankalinsa ya tashi, alhali bayanansa na nan. Yi amfani da sqlite3_open_v2 ba tare da SQLITE_OPEN_CREATE ba, kuma ka duba girman fayil kafin buɗewa.

Saƙon da zai fito masa ya faɗi sunan fayil da abin da aka tarar a farkonsa, sannan manhajar ta rufe da sqlite3_close ta tsaya, kada ta goge tsohon ta kafa sabo.