Buɗe murfin man birki kafin ka taɓa sifana

Ka tambaye ni, yaro, ko mai motar tsere zai iya kula da birkinsa da shokazoba a gida, da kuma dalilin da ya sa birki yake yin laushi bayan an yi gudu mai tsanani. Yadda ake ɗaga mota a kafa mata madogari, da yadda ake sauya takalmin birki, ba zan ɓata yawuna a kansu ba, domin wanda ya shekara a gareji bai iya waɗannan ba, gara ya nemi wata sana'a.

Laushin nan daga mai yake. Man birki irin wanda aka rubuta wa lambar aji DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 yana tsotsar danshin iska a hankali, kuma ruwan da ya sha shi yake rage masa juriyar zafi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Motar tsere kuwa tana gasa faifan birkinta fiye da kowace mota, sai man ya tafasa, tururi ya taru a bututu, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa. Shi ya sa a motar hawa ta yau da kullum ake zubar da shi a zuba sabo duk shekara biyu, a motar tsere kuwa ba a jira har haka. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Tambayarka ta fama mini wani tsohon miki. Wani mutum ya taɓa kawo mini motarsa na sa mata sabbin takalma, na cire iska daga bututun birki, na gwada ta da kaina, ya tafi yana yabo. Bayan mako uku ya dawo da ita a bayan motar janwe, yana ihu a gaban yarana cewa na so in kashe shi. Tayar gaba ta dama ta riƙe, faifan ya yi shuɗi saboda zafi, takalman sun ƙone ƙurmus. Da na buɗe murfin tankin man birki, sai na ga robar murfin ta kumbura ta yi laƙwas, har ba ta komawa mazauninta. Abu ɗaya ne yake yi wa robar birki haka, wato man da aka tace daga ɗanyen mai, kamar na inji ko na sitiyari. Na faɗa masa, ya rantse bai taɓa buɗe bonet ba.

Ba ni da shaida, domin ban nuna masa man da na zuba ba, ban kuma rubuta komai ba. Don in tsare sunana, na saya masa masta, wato famfon da yake tura man birki, da kalifa huɗu masu matse takalma a jikin faifai, da tiyoyin roba da faifai biyu daga aljihuna, na wanke bututun gaba ɗaya, aikin kwana uku a banza. Sai daga baya mai wanke masa mota ya gaya mini cewa da idonsa ya ga maigidan yana tsiyaya man sitiyari a ciki, wai ya ga man ya ragu. Har yau mai motar bai dawo ya ce in yi haƙuri ba, ni kuma ban manta fuskarsa ba.

Ku yaran yanzu, da kun kalli bidiyo na minti biyar a waya sai ku ɗauka kun zama gwanaye, alhali ko shinshina mai ba ku yi. Mai da ya ragu kaɗan alama ce cewa takalma sun cinye, idan kuwa ya ragu da yawa, yoyo ne, kuma ƙari ba ya maganin ko ɗaya.

Batun shokazoba gajere ne. Ana sauya su biyu-biyu, hagu da dama, kuma ba a ƙarasa ɗaure notin bushin roba sai mota ta zauna da nauyinta a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage cikin 'yan watanni. Gobe motar da za ta fara shigowa, kai za ka buɗe murfin a gaban mai ita, ka nuna masa launin man, ka rubuta a littafi ya sa hannu.