Tambaya da Amsa: Zan iya sauya kamfanin waya ban rasa lambata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina kai aya da wake kasuwar Dawanau ta Kano, kuma ina da layin Najeriya wanda duk abokan cinikina suka sani. Rezo ɗin kamfanin da nake kai ba ya kamawa sosai a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Shin zan iya komawa wani kamfani da lambata? Kuma idan na koma Airtel, za a iya mayar mini da ita Airtel ɗinmu na Nijar? Mai masaukina na Kano ne ya saya mini layin. Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sauya kamfani da lambarka yana yiwuwa a Najeriya, domin hukumar sadarwa ta ƙasar, NCC, ta buɗe wannan tsari tun watan Afrilu na 2013, kuma kyauta ake yi. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa, ba na wanda za ka bari ba, ka cike takarda, a ba ka sabon sim, sannan ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin. Ƙa'ida ta ce a kammala aikin cikin awa 48, kuma da zarar tsohon sim ya daina aiki sai ka sanya sabon. Wanda ya sauya ba ya iya sake sauyawa nan take. Da farko kwana 90 ake jira, daga baya aka rage zuwa 45.

Sai dai abin da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka shi ne ya fi komai nauyi. A wurin kamfani, lamba ta wanda aka yi rajista da sunansa ce, ko da wani ne yake riƙe da wayar yana sanya mata kati. Tun Disamban 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma ma'aikacin da ke bayan kanta zai duba sunan da ke kwamfuta, ya ɗauki hoto da zanen yatsa, ya ga ko sun yi daidai da na wanda ke tsaye a gabansa. Idan da sunan mai masaukinka aka yi rajista, shi kaɗai ne zai iya neman sauyin, kuma bayan an sauya lambar tana nan tasa. A ganina wannan ya fi matsalar rezo haɗari, domin ranar da sim ɗin ya ɓace, ko mai masaukin ya yi tafiya, ko rai ya yi halinsa, ba ka da hujjar karɓo lambar da kasuwancinka ya dogara da ita. Ku tafi ofishin tare, ka tambayi sharuɗɗan mayar da layin sunanka kafin ka yi maganar sauya kamfani.

Kafin ka tura saƙon, ka ƙarar da kuɗin kira da data da ke kan tsohon layin, domin ba sa bin lamba zuwa sabon kamfani, kuma ka kwashe lambobin da ka ajiye a kan sim zuwa cikin wayar. WhatsApp da saƙon banki ba sa taɓuwa, tunda lambar ba ta canza ba. Ka sanar da abokan cinikinka, domin mai ganin 0803 yakan ɗauka MTN ne, mai ganin 0802 ya ɗauka Airtel, alhali tun da aka fara wannan tsari farkon lamba ya daina tabbatar da kamfani.

Tambayarka ta biyu kuwa, ba ya yiwuwa. Lambobin Najeriya suna ƙarƙashin +234, namu na Nijar suna ƙarƙashin +227 da alƙaluma takwas, kuma kowace ƙasa hukumarta ce ke rabon lambobinta, NCC a can, ARCEP a nan. Airtel na Nijar da na Najeriya uwar kamfani ɗaya gare su, amma kowanne da lasisin ƙasarsa yake aiki. Layin Najeriya a Maradi baƙo ne, kuɗin yawo ake cajinsa, wato kuɗin amfani da layi a wajen ƙasarsa, saboda haka waya mai sim biyu ita ce mafita: layin gida a ɗaya gurbin, na Kano a ɗayan.