Kun Tambaya, Mun Amsa: Lissafin Harbin Nesa Da Ka Da Alƙalami

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon wasan harbin allo a filin da hukuma ta amince da shi, kuma kowa da na'urarsa ta auna nisa. In batir ya mutu fa? Ana iya lissafin da ka? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana iyawa sarai, in dai akwai zanen mil (ma'aunin kusurwa ne, ba mil na nisan tafiya ba) a madubin bindigarka. Mil ɗaya yana rufe santimita 10 a mita 100, santimita 50 a mita 500. Don haka ka ɗauki tsayin allon a santimita, ka ninka da 10, ka raba da yawan mil ɗin da ya cinye a madubi. Allo mai santimita 50 da ya cika mil ɗaya cif yana mita 500.

Inda ake tafka kuskure shi ne karatun. In ka karanta 0.9, lissafi zai ba ka mita 556. In ka ce 1.1, sai ya dawo 455. Ɗan motsin hannu ke nan ya jawo tazarar mita 100. Ɗora bindigar kan buhun yashi kafin ka karanta. Sannan akwai madubin da zanensa ba ya girma in an jawo hoto kusa. Irin wannan, zanen ba ya faɗin gaskiya sai a mataki ɗaya, galibi na ƙarshe.

Faɗuwar harsashi kuwa, a ganinmu rubuta ta ya fi lissafa ta. A rabin sakan yana sauka mita 1.2 daga layin bututun bindiga, a sakan ɗaya mita 4.9, amma lokacin tafiyar ya danganta da harsashin da kuma kaurin iska. Yi saiti a mita 100, ka harba biyar-biyar a 200, 300, har 500, kana rubutawa. In tsakiyar ramukan ya sauka da santimita 40 a mita 500, gyaran mil 0.8 ne, wato ƙas takwas a maɓallin saitin madubi, in kowane ƙas kashi ɗaya cikin goma na mil ne. Haɗa da zafin ranar da wurin, don iskar tudun Jos ta fi ta Legas sauƙi, harsashi bai cika sauka sosai ba. Kada kuma ka cakuɗa mil da MOA, wani ma'aunin kusurwa na daban: mil ɗaya MOA 3.44 ne.

Tambaya: Yaya ake yi da iska? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, akwai ƙa'idar Didion, wani hafsan Faransa na ƙarni na 19: ki ninka gudun iska da jinkirin harsashi. Harsashi mai gudun mita 800 a sakan, da ba ya rage gudu, zai kai mita 500 a sakan 0.625. A ce ya ɗauki 0.775, jinkirin 0.15 ne. Iska mai mita 4 a sakan za ta ture shi santimita 60, wato mil 1.2.

Wannan in ta bugo daga gefe sosai ne, ƙarfe 3 ko 9 a fuskar agogo, in an ɗauki allon a matsayin ƙarfe 12. Daga ƙarfe 1, 5, 7 ko 11, rabi za ki ɗauka. Ki kuma lura da kawalwalniya ta cikin madubi: in tana tashi sama tsaye, ba iskar gefe, in ta kwanta tana gudu, iskar ta yi ƙarfi, gara ki dakata ta lafa.