Amsa: Hayaƙi idan an tayar da motar dizal da safe

Malam, ka ce motarka ta ci tafiya sosai, kuma tana tuƙar da hayaƙi idan ka tayar da ita da sassafe, amma ba ka faɗi launinsa ba. Nan ne maganar take.

Idan fari ne mai yaji a ido, injin na karkarwa, sannan ya ɗauke bayan minti biyu ko uku, man ne bai ƙone ba. Fara da hita, wato filogin da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar da shi. Injin dizal ba shi da filogi mai tartsatsi, matsin iska ne ke kunna mai, shi ya sa ciwon ke tsananta da hunturu. A cire kowace hita a gwada da mitar auna lantarki, mai lafiya tana nuna kusan ohm 1. A duba rile ɗinta ma, wato makunnin da ke tura mata wuta. Kada ka bari makaniki ya fara da kwance famfon mai, ni na taɓa yin wannan asarar, ashe hita biyu ne suka mutu.

In hita lafiya lau, sai nozul mai fesa mai a cikin injin, daga nan gwajin kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iska.

Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, sil ɗin bawul ko rin ɗin fistin sun gaji. Shin ruwan lagireto yana raguwa? To, a duba gaskit ɗin kan injin.