Amsa: Ta ina za a fara koyar da yara batun ƙiba a firamare?

Malama, kin tambaya ko darasi ɗaya a mako zai wadatar wajen hana yara ƙiba. Gaskiya ba zai wadatar ba, matuƙar abin da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta yana ƙaryata abin da aka rubuta a allo.

Ki fara da abin sha, nan ne sukari ya fi ɓuya. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 yakan ɗauki kimanin giram 35 na sukari, kusan ƙananan cokula 9. Ki kawo sukari da cokali aji, yaran su auna da hannunsu su zuba a kofi. Abin da ido ya gani ya fi zama a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da ake samu daga abinci a yini. Sai a tabbatar akwai ruwan sha mai tsabta kusa da kowane aji.

Motsa jiki kuwa, minti 60 a kullum ake so daga shekara 5 zuwa 17, kuma ana iya rarraba shi. Kada a hana yaro fita tara da sunan horo.

Wani babban kuskure shi ne auna nauyin yara a gaban juna. Tsokana ke biyo baya, yaron ya tsani wasanni ko ya riƙa cin abinci a ɓoye. A auna a keɓe, a kwatanta da tsawo da shekaru da jinsi, sakamakon ya tafi wurin iyaye kaɗai. Rage wa yaro abinci kuma sai da shawarar likita, domin jikinsa yana kan girma.